Hannun da Zai Ɗaura Mana Aure

Na ga maganganunku a ƙarƙashin hoton da na sa. Wata ta ce na rame, wata ta ce zumuɗin aure ne, wata kuma ta ce in daina yi wa kaina horon yunwa don rigar amarci ta shige ni. Na tura muku fuskar dariya na yi shiru. Yau dai zan faɗa muku gaskiya, don na gaji da riƙe ta ni kaɗai.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Pyo Darae, a coci kuma Sisiliya ake kirana. Shekarata ashirin da tara, ina koya wa yara fiyano a wani ɗaki da ke saman kantin magani, a garinmu na bakin teku. Saura sati shida a ɗaura aurena da Ok Jinmo, mai gyaran injinan jiragen masunta, mutumin da ko sau goma ya wanke hannu sai ka ji ƙaurin baƙin mai. Ya girme ni da shekara biyar, Yaya nake ce masa. Ya taɓa yin shekara huɗu a makarantar firistoci kafin ya fito. Duk sanda na tambaye shi dalili sai ya ce, "Allah ne ya hango ki, ya ce in koma gida in jira." Ni kuwa sai in kai masa duka a kafaɗa, maganar ta wuce.

Ranar Laraba muka je shagon ɗinki ni da Umma, gwajin hanbok ɗinta, wato kayan gargajiyarmu na biki. Ta uwar amarya ruwan hoda, rigar 'yar guntuwa da igiya ja, siket ɗin yana jan ƙasa. Umma tana tsaye gaban madubi tana juyi kamar ita za a kai, mai ɗinki ta durƙusa da allurai a baki tana kama gefen. Ni ina kan benci ina ɗaukarta hoto.

"Af, na manta ban faɗa miki ba," in ji Umma, idonta a kan madubi, ba a kaina ba. "Fada Gil ya amsa. Shi zai zo ya ɗaura auren."

Wayar ta suɓuce daga hannuna ta faɗi a cinyata.

Mai ɗinki ta zare allurai daga baki. "Fada Gil na ofishin bishof? Kai, Agata, kin isa! Mutumin da ko bikin 'ya'yan masu jirage ba ya zuwa."

"Ai ya san 'ya'yana," Umma ta ce tana gyara igiyar rigar. "Shi ya binne ubansu."

Na ce zan shiga bayan gida. Na rufe ƙofa, na buɗe famfo, na tsaya ina kallon ruwa yana zuba. A lokacin saƙon Yaya Jinmo ya shigo: "Yaya gwajin? Surukata ta doke amarya, ko?" Na rubuta masa "Ka zo ka ɗauke ni," na goge. Na rubuta "Akwai magana," na goge. A ƙarshe na tura, "Ta doke ni ƙwarai."

To bari in faɗa muku wane ne Fada Gil a wurina.

Ina da shekara goma sha tara, ni ke kaɗa fiyano a sujadar matasa, shi kuma shi ne fadan cocinmu. Kowa na son sa. Yana buga ƙwallo da samari, ya san sunan kakar kowa. Wata rana mun dawo daga taron addu'a na kwana biyu, bas ta cika da kaya, ya ce in shiga motarsa ya sauke ni gida. Da muka zo mararraba bai bi hanyar unguwarmu ba, ya karkata wajen tsofaffin rumfunan shanya kifi, inda ba kowa. Ya kashe mota, ya danna makullin ƙofofi. Abin da ya yi ba zan rubuta shi a nan ba. Na ce a'a, na yi ta cewa a'a. Da ya gama ya ce wannan zunubinmu ne mu biyu, kuma Allah ya riga ya gafarta, ya ɗora hannu a kaina ya sa min albarka. Ranar Lahadi na bi layi kamar kowa, na karɓi jibin Ubangiji daga wannan hannun.

Kwana uku bayan nan na faɗa wa Umma. Tana wanke shinkafa. Ba ta juyo ba.

"Kin faɗa wa wani?"

"A'a."

"To kada ki faɗa."

Shi ke nan maganar da muka yi a kai cikin shekara goma. Na bar kaɗa fiyano a coci, aka ce girman kai ne. Shi kuma bayan shekara biyu aka ɗaga shi zuwa ofishin bishof, inda yanzu shi ke duba ɗaliban da za a naɗa firistoci. Cikin waɗannan ɗaliban akwai ƙanena, Sanguk. Saura wata takwas a naɗa shi.

Da muka dawo gida daga shagon, Umma ta cire kayan fita ta saka wandon nan nata mai furanni, ta zauna a ƙasan kicin gaban robobi uku na kabeji, tana buɗe ganye tana watsa gishiri, don sanyi ya kusa, lokacin haɗa kimci, kabejin da muke tsumawa da yaji, ya yi. Na tsaya a bakin ƙofa da jakata a kafaɗa.

"Umma, ke kika neme shi ko shi ya ce zai zo?"

"Ɗauko min wancan buhun gishirin."

"Umma."

"Ni na neme shi. Sai me?"

"Kin san abin da ya yi min."

Ta ɗago a karon farko. Hannunta jajir saboda gishiri. "Na san abin da kika ce. Kuma na kai shi gaban Uwa Maryamu, kullum da carbina, shekara goma. Ke me kika yi? Kin zauna kina kiwon abin kamar akuya."

"To don me za ki kawo shi gabana ranar aurena?"

"Don a wanke!" Ta bugi gefen roba. "Ya tsaya gaban bagadi ya sa miki albarka a idon duniya, magana ta mutu. Ke kina ganin ni dutse ce? Ruwan da kike sha a gidan nan ta bututu mai tsatsa yake zuwa, ya hana shi kashe miki ƙishi? Haka aka koya mana. Albarkar ta Allah ce, ba ta fada ba. Ko da hannun ya ƙazantu, abin da ya bi ta cikinsa tsarkakke ne."

"Ni aka ƙazanta, Umma, ba bututu ba."

Ta ja wani kabeji ta raba shi biyu. Da ta sake magana muryarta ta sauka.

"Shekara tara ɗan'uwanki yana can. Bai taɓa riƙe hannun mace ba. Sa hannu ɗaya ya rage, kuma kin san hannun wa. In kika ce ba kya so, zai tambayi dalili. In ya tambaya, me zan ce? Ki yi haƙurin awa ɗaya, Darae. Awa ɗaya tak."

Na shige ɗakina. Ban yi kuka ba. Na zauna a ƙasa mai ɗumi, na jingina da akwatin barguna sababbi da aka saya min na kaiwa ɗakin miji, har ƙafata ta sage.

Ranar Lahadi bayan sujada aka yi cin abinci a gidanmu. Gwaggo Malsun ta zo, yayar Abbanmu marigayi, shugabar matan coci, mace mai gashin da aka murɗe tamau kamar an kifa mata kwando, da muryar da ake ji daga tashar bas. Yaya Jinmo ya zo da kwalin tuffa, sanye da kwat ɗin da ta matse shi a hammata. Ya cire takalmi, ya rusuna wa Umma, ya rusuna wa Gwaggo, ya ɗan kashe min ido. Na saka doguwar riga ruwan toka mai wuya, na ɗaure gashina baya, ban shafa komai a fuska ba.

An jera tebur: gasasshen kifi, miyar ƙaguwa, ƙananan kwanoni sun kai goma. Ana cikin ci Gwaggo ta ajiye tsinken cin abincinta.

"Jinmo, an faɗa maka irin sa'ar da ka taka? Fada Gil ne zai ɗaura muku."

Ina kallonsa. Cokalin miya ya tsaya a tsakanin kwano da bakinsa. Ya mayar da shi a hankali.

"Fada Gil?"

"Shi fa. Ka gode wa surukarka."

"Na gode, Umma," ya ce. "Amma da an bar mana fadan cocinmu. Shi ya san mu. Kada ya ji an tsallake shi."

"Wannan yaron da bai iya ko wa'azi ba?" Gwaggo ta taɓe baki. "Kai dai ka ce kunya kake ji, tsohon malaminka zai gan ka da mata bayan ka gudo."

"Ba kunya ba ce, Gwaggo."

"To mene ne? Ko kai ma ka shiga sahun masu sauraron waccan matar ta talabijin? Wai wani fada a arewa ya taɓa ta shekara ashirin da suka wuce, sai yanzu ta tuna! Ina bakinta yake a da? Shaiɗan ne ke aiko su, su rushe coci."

Umma ta ce wa Gwaggo, "Yaya, ga kifi, ci."

"Ko ma ya yi, ba an ce mu yafe saba'in sau bakwai ba? Wanda Allah ya shafa wa mai, wa ya isa ya tuhume shi? Jibin da ya bayar jibi ne, auren da ya ɗaura aure ne. Ko ƙarya na yi, malam mai karatu?"

Yaya Jinmo ya goge baki. "Ba ki yi ƙarya ba. Haka coci ya koyar, zunubin fada ba ya ɓata jibi. Amma an faɗi haka ne don hankalin mai karɓa ya kwanta, ba don mai bayarwa ya samu wurin ɓuya ba. Yafiya kuma ta wanda aka cuta ce, ba mu da muke gefe za mu yafe a madadinsa ba."

"Ji min!"

"Sannan aure, Gwaggo, ba fada ke bayar da shi ba. Ango da amarya su ke ba juna, a gaban Allah. Fada shaida ne kawai. Ni kuwa ina da ikon in ce ga shaidar da nake so."

Gwaggo ta juya wajen Umma. "Kin ji ko, Agata? Wanda ya kasa gama makaranta shi zai koya min addinin da kakannina suka ba da wuyansu a kai. Da karatun ya amfane ka, da yanzu ba ka kwance a ƙarƙashin inji."

Ya yi murmushi, amma kunnuwansa sun yi ja. Umma ta ɗauki wuƙa tana feraye tuffa, ɓawon yana tsinkewa gutsi-gutsi, ita da take feraye guda ba tare da ya yanke ba. Ni kuwa tambaya ɗaya ke yawo a kaina: ban taɓa faɗa masa komai ba. To me ya sani?

Wayata ta yi ƙara a gefen cinyata. Baƙuwar lamba. Na buɗe a ƙarƙashin tebur.

"Sisiliya, Fada Gil ne. Na yi murna ƙwarai da labarinki. Ki zo ofishina ranar Alhamis da ƙarfe uku mu fara shirin aure. Ango yana iya zuwa wani makon. Allah ya yi miki albarka."

Na karanta sau biyu. Alamar da ke nuna ba a karanta ba ta ɓace, wato ya san na gani. Na miƙe.

"Yaya, kai ni waje."

"Ana cin abinci?" in ji Gwaggo.

"Darae, zauna," in ji Umma.

Ban zauna ba. Na zura takalmi ban ko saka dunduniya ba.

Ya tuƙa 'yar a-kori-kurarsa har ƙarshen gaɓa, wajen katangar da ke tare igiyar ruwa. Rana tsaka, iska mai sanyi, tsofaffi biyu can nesa suna kamun kifi. Da ya kashe mota na ce ya buɗe ƙofofin. Ya dube ni, ya buɗe. Na fita na zauna a kan katangar, ya biyo ni ya yafa min kwat ɗinsa.

Na miƙa masa wayar ya karanta. Sannan na faɗa masa. Duka. Ban dubi fuskarsa ba, jiragen da ke ɗaure nake kallo. Na faɗa masa har abin da Umma ta ce tana wanke shinkafa. Na zaci muryata za ta karye, sai ga ta tana fita sumul kamar labarin wata nake bayarwa.

Da na gama na juyo. Babban mutum, ya dafe baki da hannu biyu, hawaye na bin yatsunsa.

"In ka fasa, ka faɗa min yanzu," na ce. "Ba zan riƙe ka ba."

"Kada ki ƙara faɗin haka." Ya kamo hannuna ya matse. "Ba ki yi komai ba, Darae. Kin ji ni? Ba ki da zunubi ko ƙwaya ɗaya a ciki."

Shekara goma ina jiran wani ya faɗi wannan. Sai a lokacin kukan ya zo. Na kifa kai a ƙirjinsa na yi har na gaji, shi kuma yana ta cewa, "Ba zai tsaya a gabanmu ba. Ko a bakin ruwan nan ne za a ɗaura, ba zai tsaya ba."

Da a nan aka tsaya, da na ce muku na fi kowace mace sa'a. Amma da na share fuska sai tambayar ta dawo.

"Yaya, me ya sa cokalinka ya tsaya da aka ambaci sunansa?"

Ya saki numfashi. Ya dubi teku.

"A wace shekara abin ya faru?" ya ce.

Na faɗa masa. Ya rufe ido.

"Lokacin ina makaranta, an tura ni lokacin hutu in taimaka a wani coci a tsibiri. Shi ne fada a can, kafin a kawo shi cocinku. Akwai wata malamar yara, Bang Onju. Ranar da zan tafi ta ba ni wasiƙa, ta ce in kai wa shugaban makarantarmu hannu da hannu, don ba ta yarda da kowa ba. Ta faɗa min abin da ke ciki."

"Ka kai?"

"Na kai. Ya karanta a gabana, ya saka a aljihun tebur. Ya ce za a duba. Ya ce biyayya ita ce ado na firist, kuma in na sake ɗaga maganar zan zama mai jawo wa coci abin kunya. Bayan wata biyu na ji an sauya masa coci. Na haɗa kayana na fito."

"Aka kawo shi wajenmu."

"Eh."

"Kai kuma ka san inda aka kai shi."

"Na sani."

Na zare hannuna daga nasa. "Wata nawa tsakani?"

"Darae..."

"Wata nawa tsakanin wasiƙar da ranar da na shiga motarsa?"

"Kamar goma sha huɗu."

Wata goma sha huɗu. Yana garin nan, titi uku tsakanin gidansu da cocinmu. Yana koyon kwance inji, yana ganin kansa mai tsabta saboda ya fito. Ni kuma ina can ina kaɗa fiyano, mutumin yana tsaye bayana yana juya min shafi.

"Ka je wajen 'yan sanda?"

"A'a."

"Ka faɗa wa ko mutum ɗaya a cocinmu? Ko Gwaggo mai baki?"

"A'a. Na ce wa kaina ba ni da hujja. Na ce wa zai yarda da wanda ya gudo. Gaskiyar ita ce tsoro na ji."

"Ita fa? Ka koma ka faɗa mata abin da aka yi da wasiƙarta?"

Ya girgiza kai. "Lambarta tana wayata. Duk wayar da na sauya sai na kwafe ta. Ban taɓa kira ba."

Ku da kuke karantawa, kada ku tambaye ni ko na tsane shi a lokacin. Ban sani ba. Mutumin da ya ce min ba ni da zunubi shi ne mutumin da shirunsa ya buɗe min ƙofar motar nan. Na dubi zoben da ke yatsana. Ban cire ba. Amma na cire kwat ɗinsa daga kafaɗata na miƙa masa.

"Ba ni lambar."

"Mai yiwuwa ta sauya. Shekara goma sha ɗaya..."

"Ba ni."

Ya karanto, na danna. Na ce ya koma mota ya jira, kuma in na gama a bas zan koma gida. Bai yi musu ba. Ya tafi yana jan ƙafa.

Ta yi ƙara sau biyar. Har zan kashe aka ɗauka. Muryar mace, a bayanta ana jin ƙarar kwanoni da kukan jariri.

"Wa ke magana?"

"Don Allah, Malama Bang Onju ce?"

"Ni ce."

Duk abin da na shirya ya gudu.

"Sunana Pyo Darae. Ba ki san ni ba. Ina kaɗa fiyano ne a cocin da aka kai Fada Gil bayan ya bar tsibirinku."

Na ji ta ce wa wani ya riƙe yaron. Na ji an ja ƙofa, ƙarar kwanonin ta ɗauke.

"Kina wurin da za ki iya magana?" ta ce.

"Eh."

"Kin ci abinci yau?"

Na ce na ɗan ci.

"To ki saurare ni, ƙanwata. Ba sai kin faɗa min komai a waya ba. Ranar Asabar muna haɗuwa a birnin Busan, akwai lauya mace da ke zama da mu. In kin zo, ba wanda zai tilasta miki magana."

"Ku wa?" na ce. "Ke da wa?"



"Mu huɗu ne," ta ce. "Ke ce ta biyar."